Neman shawara: in tafi Jos karatun fim, in kama ubangida, ko in fara shirina?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Shekarata 27, na gama NCE ban samu koyarwa ba, sai na koma ɗaukar bidiyon biki da suna. Bara mahaifinmu ya rasu, aka raba gado, na sayar wa yayana kasona na gona duk da Hajiyarmu ba ta so ba. Har yau in maganar ta taso sai ta yi shiru ta tashi ta shige ɗaki. Ga kuma yarinyar da aka kai wa kuɗin gaisuwa, iyayenta sun ce bayan babbar Sallah suke son a sa rana. A cikin kuɗin na sayi kyamara da ɗan jirgin ɗaukar hoto, saura miliyan 2 da dubu 300. Ina da labarin shiri mai dogon zango. Wani ya ce in nemi makarantar fim ta Jos, wani ya ce in je Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, in kama ubangida, ni kuma zuciyata na ce min in fara kawai in ɗora a YouTube, tunda manyan masana'antar Kannywood ma ba karatun fim suka yi ba. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Kawu Edita: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifi. Ɗana, labarin nan a rubuce yake? Shafi nawa? A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, kashi ɗaya na minti 40 yana son shafi wajen 40.

Maganar ba su yi karatu ba kuwa, rabinta ka ji. Waɗanda suka kafa harkar nan daga ƙungiyoyin wasan daɓe suka fito, irin Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990, wasu daga gidajen talabijin na NTA da CTV, wasu marubutan littattafai ne da suka riga suka iya riƙe mai karatu. Kowa ya zo da sana'a a hannunsa. Kai ɗaukar biki ka iya, shi kuma biki ba ka tsara shi, binsa kake yi.

Ajiye kuɗin nan, ka nemi aikin kwantiniti wata shida. Shi ne mai rubuta lambar fitowa da lambar ɗauka, da wacce darakta ya karɓa, da hannun da jaruma ta riƙe kofi, da gefen da hular jarumi ta karkata, don in an dawo jibi a ƙarasa fitowar komai ya dace. Ba wanda ya kai shi kusanci da darakta a lokeshan. In an gama ka bi aikin ɗakin tacewa ka zauna bayan edita, a nan za ka ga abin da aka manta ba a ɗauka ba.

Ɗan Kurna: Amin Kawu, na gode. Labarin yana kaina tsaf daga farko har ƙarshe, rubutawa ba zai ɗau lokaci ba. Amma gaskiya a shekaruna in koma yaron wani ina riƙe littafi, ga aure a gaba, da wuya.

Malama Mai Alli: Ni ban yarda a raina makaranta ba, Kawu. Cibiyar koyon fim ta Jos tana ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, ana yin difloma da digiri. BUK da ABU ma suna da sashen wasan kwaikwayo. A lokeshan abin da ubangida ya iya za ka koya, har da kuskurensa. Makaranta ce ke koya maka dalilin abu: me ya sa kyamara ba ta tsallake layin da ke tsakanin mutum biyu masu magana, yadda ake gina labari, yadda ake rubuta takardar neman tallafi ko shiga gasa irin FESPACO ta Wagadugu. Ousmane Sembène, shahararren mai shirya fim na Senegal, ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Marseille, yana dab da shekara 40 ya tafi Mosko koyon fim. Shekara 27 ba tsufa ba ne, ƙanena.

Kawu Edita: Malama, Ali Nuhu da aka naɗa shugaban hukumar nan a 2024 ilimin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Ba raina karatu nake ba, amma wa zai ciyar da amarya shekara huɗu?

Na Maraɗi: A wajenmu Oumarou Ganda soja ne, ya yi dako a Abijan, a wajen Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya fara ganin aikin, kuma Ganda ne ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Moustapha Alassane kuwa bakanike ne. Dukansu ta hannun wani suka shigo.

Mai Sauti: Kowa maganar kyamara yake, ba wanda ya tambaye shi makirfo. Haka ake yi mana kullum, a kashe dukiya a jarumai da motocin haya, mai sauti a ce a sallame shi in an samu. Mai kallo zai haƙura da hoto mai duhu, ba zai haƙura da maganar da ba ya ji ba. Sayar da jirgin nan, ka sayi makirfon sanda ɗaya, na maƙalawa biyu, da na'urar naɗa. Naɗa a 48 kHz, kada allurar ƙarfin sauti ta riƙa haura -12 dB. Janareta a kai shi bayan gini da doguwar waya. Kowane ɗaki, bayan an gama, kowa ya yi tsit a naɗi iskar ɗakin minti ɗaya, da ita edita ke cike giɓi. Kyamara kuma sa ta a firem 25 da shota 1/50, saboda wutar lantarkinmu 50 Hz ce. In ka bar ta a 30 hoton zai riƙa ƙyafta ido a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Ɗan Kurna: Jirgin shi ke kawo min aikin biki yanzu, Yallaɓai, ba zan iya rabuwa da shi ba. Kuma shirin yana buƙatar hoton gari ta sama.

Hajiya Furodusa: Ɗana, lissafi za ka yi. YouTube ba ya raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kafin nan daga aljihunka za ka biya abincin ma'aikata, man janareta, hayar gida, sallamar jarumai da edita, kuma kowane mako. Abin da ke kashe shiri ke nan: a ɗauki kashi uku a saki, kuɗi ya ƙare, jaruma ta tafi wani aikin, a dawo bayan wata biyu ta canza kama. Kada ka saki ko ɗaya sai kana da zango guda a hannu. Sannan ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ka kai a duba kafin ka ɗora. A 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a kan wannan. In a tashar wani za ka sa, a rubuta kason kowa da mai mallakar shirin, da shaidu. Ni shawarata, gajeren fim na minti 10, mutum uku, gida ɗaya, kwana biyu. Sauran kuɗin ka yi aurenka.

Kawu Edita: Gajeren ma sai ya iya. Wanda bai taɓa zama a ɗakin tacewa ba zai dawo da fitowa ba hoton kusa, ba inda za a yanka. Kuma kowace rana a kwafe aiki a had-dis biyu kafin a goge mimori, ɗaya ya kwana a wani gidan. Har yanzu ina kan bakana: wata shida, kwantiniti.

Malama Mai Alli: Akwai gajerun kwasa-kwasai ma, ba dole sai digiri ba.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai iyayena, Allah Ya saka da alheri. Sai dai na riga na yi magana da wata jaruma, na ba ta kafin alƙalami, ta ba ni kwana biyar a wata mai kamawa. In na fasa kuɗin ya tafi. Akwai wanda ya san marubucin da zai iya fitar min da kashi huɗu cikin mako uku?

Kawu Edita: Nawa ka ba ta, kuma an rubuta?