An rage ma'aikata a kamfaninmu har da ni, ta ina zan fara?

Abban_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Kamfanin da nake wa aikin akanta sun rage ma'aikata, sashenmu gaba ɗaya aka rufe, ba wani laifi na yi ba takarda kawai aka miƙo mana. An kwana biyu yanzu ina zaune, na tura CV wurare da yawa amma shiru kamar an shuka dusa. Har yau maiɗakina kaɗai ta sani, wlh kunyar faɗa nake ji. In an kira ni intabiyu me zan ce ya raba ni da wancan aikin? sannan akwai wani ɗan aiki da aka min tayi amma albashin bai kai rabin na da ba, in karɓa ko in jira?

Maman_Biyu:
Wa'alaikumussalam, Allah ya musanya maka da mafi alheri ɗan'uwa. Ni ɓangaren ɗaukar ma'aikata nake aiki. Kora daban rage ma'aikata daban, kuma mu masu intabiyu mun san bambancin, to ka daina ɗaukar kanka korarre. In an tambaye ka jimla ɗaya ta isa, "kamfani ya rufe sashenmu", sai ka wuce kan abin da ka iya, kar ka tsaya zagin tsohon oga ko da ya cancanci zagin, daga nan muke soke sunan mutum. Ka koma tun ba a manta da kai ba su rubuta maka takardar shaida mai nuna dalilin barin aikin, ka kuma ɗauko kwantiraginka ka karanta, kuɗin sallama, kuɗin hutun da ba ka ci ba, fansho, mutane da yawa suna barin haƙƙinsu saboda zuciya. Batun shirun nan kuwa, manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara tace CV kafin idon mutum ya kai kanta, in CV ɗaya kake watsa wa kowa ba mamaki. Ka duba kalmomin da suka sa a tallan aikin, wanda ka iya da gaske ka saka shi yadda suka rubuta.

Baffa77:
Ni ɓoyewar nan ce ban yarda da ita ba Malam. Wa zai tuna da kai in bai san kana nema ba? Kamfanin Meta masu Facebook sun sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google 12,000 a Janairun 2023, Microsoft ma 10,000 a watan, duk waɗannan ragwaye ne? Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, tun 1973 ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta hannun wanda suka yi sanin shanu fiye da amininsa, dalili kuwa amininka abin da ka sani shi ya sani, wancan na nesa shi ke jin abin da ba ka ji ba. To ka nemo tsoffin abokan aiki, 'yan ajinku, har kwastomomin da kuka yi hulɗa, saƙo gajere ba na neman tausayi ba, ga abin da na iya ga irin aikin da nake nema. In kana LinkedIn, shafin nan na ma'aikata da masu neman aiki, ka kunna alamar neman aiki, akwai zaɓin da masu ɗaukar ma'aikata kaɗai za su gani in kunyar ce.

Dogo_Injiniya:
ka karɓi ƙaramin kawai, da babu gara ba daɗi. mai aiki a hannu ya fi samun wani aikin

Maman_Biyu:
Dogo ba kowane lokaci ba fa. In aikin zai cinye masa yini gaba ɗaya har ya rasa lokacin zuwa intabiyu, kuma wasu wuraren da albashinka na ƙarshe suke maka ciniki, to ya ja kansa ƙasa. Abban Hanan ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafi, abin da ke hannu wata nawa zai riƙe gidan in an rage kashe-kashe? In zai kai ku wata shida ka ɗan jira, in ba zai kai uku ba ka karɓa amma ka tabbata kwantiragin bai ɗaure ka ba.

Abban_Hanan:
Na gode ƙwarai Hajiya, Baffa ngd, yau zan fara tura saƙon. Akwai kuma wasu da suka min imel wai an ɗauke ni amma sai na biya kuɗin fom da na horo tukuna, ko intabiyu ba mu yi ba.

Baffa77:
Kar ka tura ko sisi, 'yan damfara ne, CV ɗinka suka gani a intanet. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, kuma kar ka ba su hoton katin shaidarka ko bayanan banki. Duba adireshin imel ɗin ma, na kamfani ne ko Gmail?