Kayan kicin masu sauƙin kuɗi ga amarya: wanne ke jure wutarmu?

Yayar Amarya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bikin ƙanwata ya matso, kuma ni aka damƙa wa sayen kayan kicin. Kuɗin ba yawa. Abin da ke cikin lissafi shi ne blanda, butar lantarki, murhun gas mai kai biyu, ƙaramin firji, sai obin ɗin ɗumama abinci in kuɗi sun saura. Unguwar da za ta zauna a Kano wuta ba ta tsayawa, in ta zo ma sau da yawa ba ƙarfi, kuma janaretan gidan ƙarami ne. A Sabon Gari an nuna min blanda an rubuta wat 8000 a kwalinta, kuma ta fi mai wat 500 araha. Don Allah masu sani, me ake dubawa kafin a biya? Wanne zan sa wa kuɗi, wanne zan iya ɗaukar mai araha?

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Bari mu fara da wat 8000 ɗin nan. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku kuma fiyus ɗinsa mafi girma amf 13 ne. In kin ninka 230 sau 13 ba ki kai wat 3000 cif ba. Ke nan duk abin da aka ce yana jan 8000 ta wannan filogi, rubutun kwali ne kawai. Juya ƙasan injin ki karanta ɗan tambarin da ke manne a wurin, ki kuma ɗaga shi ki ji nauyinsa. Blandar gida ta gaskiya tsakanin wat 350 zuwa 600 take, kuma ta isa markaɗen tattasai, attarugu, tumatir da albasa.

Nauyin yana da ma'ana. Naɗin wayar da ke cikin mota, wato injin da ke juya wuƙar blanda, ko na jan ƙarfe ne ko na alminiyam. Na alminiyam ya fi araha, ya fi shafal, kuma ya fi saurin zafi. Blanda biyu masu girma ɗaya, ɗauki mai nauyin.

Abin da ke mutuwa a blanda mai araha sanannu ne. Na farko ɗan haƙorin roba da ke haɗa mota da wuƙar kofi. Shi ke cinyewa, sai ki ji inji na kuka amma wuƙa ba ta juyawa. Wannan ba mutuwa ba ce, ɗan canji ne, muddin ana sayar da irinsa. Saboda haka kafin ki biya, tambayi mai shagon ko yana da haƙorin da kofin da wuƙar daban. In ya ce babu, ki wuce. Na biyu zoben roba na ƙasan kofi. Idan ya saki, ruwan markaɗe na bin sandar wuƙa ya gangara cikin mota. Ki sa a zuba ruwa a kofin a shago, a ajiye a kan takarda minti biyar, ki duba ko ta jiƙe. Na uku gawayin mota guda biyu da ke gogar sandar da ke juyawa, alamar cinyewarsu tartsatsi da warin ƙuna, su ma ana canzawa. Na huɗu fiyus ɗin zafi da ke cikin naɗin waya, wanda ke yankewa in an matsa wa injin.

Wannan na huɗun, markaɗen wake ne ke kawo shi. A gaya wa amarya ta jiƙa waken ƙosai ko alale ya yi laushi, kar ta wuce rabin kofi, ruwa ya rufe waken, ta kunna kamar minti ɗaya ta kashe ta bar shi ya sha iska. In ƙarar injin ta canza ta yi nauyi, a kashe nan take a ƙara ruwa. Citta busasshiya da kanumfari da masoro kuwa ƙaramin kofin niƙan busasshe ne nasu, kuma a fara farfasa cittar a turmi. Wake mudu guda na taro, a kai injin unguwa.

Butar lantarki ita ce mafi sauƙin ƙira, don haka mai araha ma tana yi. Amma tana jan wat 1500 zuwa 2200. Ƙaramin janaretan nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ko da an rubuta 950 a jikinsa, abin da yake bayarwa bai cika wuce wat 650 ba. Ba zai ɗauki buta ba, ba zai ɗauki murhun lantarki ba, ba zai ɗauki obin ɗin ɗumama abinci ba, domin shi ma wanda aka rubuta wa 700 yana jan sama da 1000 daga bango. A soket na bango kai tsaye ake sa buta. Doguwar wayar jona ta kasuwa siririya ce a ciki, ita ce ke narkewa.

Uwargida daga Zariya:

Malam ya gama magana kan blanda. Ni a kan murhun gas zan tsaya, 'yar'uwa, don shi ne za a kunna safe da rana da dare, ko da wuta ko babu. Nan ne bai kamata a yi ƙwauro ba.

Mai saman gilashi ya fi kyau a ɗakin amarya, na sani, kuma 'yan ganin ɗaki shi suke yabawa. Sai dai girkinmu na tukunya mai faɗi ne. Idan gindin tukunyar tuwo ya rufe kan murhun ya wuce, zafi na komawa ƙasa ya taru a kan gilashin, ga nauyi, ga tuƙi da muciya. Haka yake tsagewa. Ɗauki mai jikin ƙarfe da ba ya tsatsa. Danna tsakiyarsa da tafin hannu, in ya lotsa ya dawo da ƙara, falle ne siriri. Ɗaga abin ɗora tukunya ki ji, mai kauri da nauyi ake so, siraran suna lanƙwashewa da zafi tukunya ta riƙa karkata. Kan wutar kuma ki tabbatar ana iya cire shi a wanke, don miya da ta zubo ita ke toshe ƙananan hudojin.

Ki sa a haɗa shi da gas a kunna a gabanki. Harshen wuta ya zama shuɗi, ya zagaye kan duka, ya kuma tsaya ba ya mutuwa in an rage shi ƙasa. Wuta ja ko rawaya na nufin iska ba ta shiga daidai, za ta baƙanta tukwane ta ci gas. A ƙarƙashin murhun, bayan makunnin, akwai ɗan marfin iska da ake zamarwa har wutar ta koma shuɗiya. Makunnin da ke tartsatsi da kansa shi ne farkon lalacewa a masu araha, amma wannan ba abin damuwa ba ne, ashana ta wadatar.

Kuɗin da aka rage a gilashi a sa su a regileta da tiyo. Regileta ta girkin gida mai ƙaramin matsi ake so, ba irin ta masu suya a bakin titi ba. Tiyon ya zama na gas, ba na ruwa ba, kuma a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai noti. Bayan an haɗa, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa, in kumfa ta riƙa tasowa gas na fita. Kada a taɓa gwadawa da ashana. Silinda mai kilo 12.5 ta fi dacewa da gida, mai kilo 6 ta yi in kuɗi sun matse. A duba shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, a guji wadda gindinta ya yi tsatsa ko aka sake mata fenti don ɓoye tsufa. A tsaye take zama, nesa da wuta, inda iska ke shiga.

Obin ɗin ɗumama abinci kuwa, a gidan da wuta ke haka, ado zai zama. Da kuɗinsa a sayi tukunyar matsi, wadda ke dafa wake da ganda cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba. In wake ne kar a cika ta wuce rabi, kumfarsa na toshe hudar fitar tururi, kuma a tabbatar ana samun robar murfinta a kasuwa.

Mai Gyaran Firji:

Hajiya, a firji akwai harafin da kusan ba mai dubawa. A tambarin baya ko na ciki za ki ga SN, N, ST ko T. Wannan shi ne zafin ɗakin da aka ƙera shi ya yi aiki a ciki. SN da N iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuma 43. Kicin a Kano cikin Afrilu da Mayu kin san yadda yake. Ki nemi mai T, in ya gagara ST. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai ke yin ta aiki ba hutawa a bazara, ruwa kuma bai yi sanyi ba. Na Amurka kuma bolt 120 ne nasu, kada a kusance su.

Zan ɗan saɓa wa lissafinki. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, ƙaramar firiza mai buɗewa ta sama ta fi ƙaramin firji mai ƙofa amfani. Iska mai sanyi nauyi gare ta, in an buɗe ƙofar gaba sai ta zubo, a mai murfin sama kuwa tana nan kwance. Firji in an ɗauke wuta awa huɗu ne amincinsa. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana iya kai kwana biyu, rabin cika kwana ɗaya, a lokacin zafi kuma ƙasa da haka. A cike gurbin da ya saura da ledojin ruwa su daskare.

Ƙarancin wuta ya fi ɗaukewarta illa ga kwamfireso, wato injin da ke sa firji ya yi sanyi. Buta in wuta ta sauka zuwa bolt 160 kusan rabin zafinta kawai take bayarwa, ta daɗe ba ta tafasa ba, shi ke nan. Kwamfireso kuwa yunƙurin tashi yake ya kasa, ki ji ƙas, ya yi shiru, ya sake, naɗinsa na ta zafi har ya ƙone. Haka ma in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin da ke cikin bututu bai sauka ba. Don haka sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai jinkirin minti uku zuwa biyar kafin ta saki wuta wajibi ce, a sa ta cikin kuɗin firjin tun farko. Mai 1000VA ta ɗauki ƙaramin firji, mai 2000VA ta fi kwanciyar hankali ga firiza, domin a lokacin tashi kwamfireso na jan ninki uku ko fiye na abin da yake ci.

A shago ki maƙale takardar kuɗi a bakin ƙofar ki ja ta kowace kusurwa. Inda ta zare ba turjiya, robar ba ta kama ba. A ɗauko shi a tsaye. In dole ta sa aka kwantar, a bar shi tsaye har washegari kafin a jona, man kwamfireso ya koma mazauninsa. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, kada kuma ya maƙwabci murhu. A ja kunnen amarya kan kankare ƙanƙara da wuƙa. Bututun gas a jikin bangon firjin na ciki yake, huda ɗaya ta isa, kuma gas ɗin R600a da ke cikin yawancin sababbi yana kama wuta. A kashe, a bar murfi a buɗe, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki.

Yayar Amarya:

Allah ya saka muku da alheri. Na cire obin, na sa tukunyar matsi da sitabilaiza. Saura tambaya ɗaya: ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne, an ce yana kashe buta. Gaskiya ne?

Mai Gyaran Waya:

Gaskiya ne in ruwan mai barin farin ɓawo ne. Ɓawon na rufe ƙarfen da ke zafi, zafin ya kasa shiga ruwa, ƙarfen ya ƙone. Ki sayi wadda gindinta na ciki faranti ne shafaffe, ba mai murɗaɗɗen ƙarfe a fili ba, ta fi sauƙin wankewa. Duk wata a matse lemun tsami huɗu ko biyar a ruwa rabin buta, a tafasa, a bari ya yi rabin awa, a zubar a ɗauraye sau biyu. Murfin ya rufu sosai kullum, don tururi ne ke tura makashinta, in murfi a buɗe yake za ta yi ta tafasa har ta ƙafe. Ki kuma karɓi rasit mai kwanan wata da lambar jikin kowane kaya, a buga hatimin shagon a katin garanti, a ajiye kwalayen har wa'adin garantin ya cika.