Zuma, dabino ko mazarƙwaila: wanne zai maye gurbin sukari?

Uwargida Birni: Salamu alaikum. Ina son rage farin sukari a shayi da kunu da furar gida. Tsakanin zuma, dabino da mazarƙwaila, wanne ya fi, kuma nawa ake zubawa? Akwai mai ciwon sukari a gidan.

Malam na Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari a fara da awo. Ƙaramin cokalin shayi na sukari giram 4 ne, na zuma kuwa yakan kai giram 7 saboda nauyinta, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Ke nan in aka zuba cokali a madadin cokali, ƙari aka yi, ba ragi ba. Amfaninta shi ne ta fi zaƙi, don haka inda ake zuba cokali 4 na sukari, 2 na zuma sun isa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce wajen giram 50 na sukari a yini, in da hali 25, kuma ta lissafa zuma a ciki. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko lasa, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa.

Hajiya Sabon Gari: 'Yar'uwa, a kunu da fura ni dabino na zaɓa, don ana cin sa da dusarsa, ita ke sa zaƙin ya shiga jini a hankali. A samu busasshe irin na Bilma a kasuwar Dole, a cire ƙwallo, a tsaga kowane ɗaya a duba, don ƙwaro a ciki yake ɓuya. Kofi ɗaya na dabino, kofi ɗaya na ruwan zafi, a rufe awa 2, in ya yi tauri sosai a bar shi ya kwana. A kirɓa a turmi da ruwan jiƙon har ya yi laushi, kamar za a yi tukuɗi. Babban cokali ɗaya ya ishi kofin kunu, a zuba bayan an sauke. Da zafin Damagaram, in babu firigo kada a yi na fiye da kwana ɗaya, tsami yake yi ya yi kumfa. A shayi kam bai dace ba, yana dagula shi. Kuma fa dabino uku sun kai ƙaramin cokali uku na sukari.

Malam na Zango: Haka ne Hajiya. Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare, rake irin wanda ake nomawa a Matameye da Magarya. Ƙamshi take ƙarawa, amma a jini ita da farin sukari duk kanwar ja ce. A narka ta a ruwan zafi a tace, sau da yawa akwai yashi a ƙasa.

Ɗan Garin Malam: Ga mai ciwon sukari, Hajiya, duka ukun suna ɗaga sukarin jini, sai da awon likita. Wanda ba ya ɗagawa shi ne siteviya, ganye ne ɗan asalin ƙasar Faragwai. Tsantsarsa ta ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, in ta yi yawa ɗaci take bari a maƙogwaro. A karanta jikin kwalin, wasu garin ana haɗa su da gulukos, wanda shi ma sukari ne, don su yi auki. Zumar da ta daskare kuma ba lallai jabu ba ce, a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ta narke. Jiƙaƙƙen cokali ne ke sa ta tsami.