Mawaƙa biyu a rangadi guda, wa ka rufe dandali?

Ɗan Gusau: Jama'a don Allah ku fahimtar da ni. Na ga bidiyon rangadin da Kelly Clarkson da ƙungiyar Maroon 5 sunka yi tare a Amurka lokacin zafinsu a 2013, ita salon kiɗan pop su kuma rock, kowa da sunanai, to wa ka fara hawa wa ka rufewa, kuma kuɗin tikiti fa?

'Yar Argungu: Yaya ai tun kafin a fara ake rubuta yarjejeniya, minti nawa kowa zai yi da kason kowa. Wani rangadin ma juyawa sukai, yau ni gobe kai. Ribar ita ce masoyan ɓangare biyu su cika fili ɗaya, haya da fitilu da sifika a raba.

Baban Jega: Ni ban ɗauki Maroon 5 'yan rock ba wallahi, muryar jagoran mawaƙinsu Adam Levine pop ce zalla, gita kawai sunka riƙe. Kelly kuwa tun da ta ci gasar waƙa ta American Idol a 2002 muryarta ta fi ƙarfin wasa.

Ɗan Gusau: Baba kar ka tada rigima. Mi ya sa sai lokacin zafinsu?

'Yar Argungu: Makarantu na hutu, filayen kuma a buɗe suke. Mu nan lokacin damina ce, kowa na gona.