Wa ya ja layin nan? Muhawara kan sabuwar dayosis

Mai Ƙorafi: 'Yan'uwa, abin nan ya tsaya mini a rai. Ranar Lahadi bayan sujadar Mass, Fada, limamin cocinmu, ya zaro takarda daga aljihu ya karanta, wai daga yau muna ƙarƙashin sabuwar dayosis, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi. Coci ya yi tsit. Ba wanda ya nemi jin ta bakinmu, haka kawai aka ƙwace mu daga hannun bishop ɗin da ya san iyayenmu. Wa ya ja layin nan?

Katikis: Ɗana, janye kalmar ƙwace. Ɓarawo ke ƙwace. Doka ta 373 a kundin dokokin Ikilisiyar Katolika ta ce ikon kafa dayosis na Fafaroma ne shi kaɗai. Mai abu zai ƙwaci abinsa?

Uwar Zumunta: Baba Katikis, abin da aka ɗauka ba da yardarka ba, me sunansa? Yaron nan ciwo yake ji.

Tsohon Ɗan Seminari: Mama, ba daga sama ake yanke shi ba. Galibi bishop ɗin wurin ne da kansa ke roƙo in ƙasar ta fi ƙarfinsa. Taron bishop-bishop na ƙasa ya ba da ra'ayi, jakadan Fafaroma ya bincika yawan masu bi da limaman coci da abin riƙe sabon gida, ya aika Roma. A ƙasashen mishan ofishin yaɗa bishara ke dubawa kafin Fafaroma ya sa hannu. Wani wurin ma hawa-hawa ake yi: Kontagora ta fara a matsayin yankin mishan a 1995, sai 2020 ta zama cikakkiyar dayosis.

Uwar Zumunta: Duk waɗanda ka lissafa, ina mu a ciki?

Katikis: Da aka cire Katsina daga Sakkwato a 2023, kin ji Bishop Kukah na Sakkwato ya ce an yi masa ƙwace?

Baƙo: Mu a namu cocin ƙuri'a muke kaɗawa. Ku kam sai abin da Turawa suka yanka muku.

Katikis: Ƙuri'ar ce ta sa kowace shekara kuke darewa gida biyu.

Baƙo: Baba, girmanka nake gani, amma kada ka zagi ɗariƙata.

Tsohon Ɗan Seminari: Ba batun Turawa ba ne. Babban taron Vatican na biyu, a 1965, ya ce a duba iyakokin gwamnati da harshe da tarihin mutane, kuma bishop ya iya zagaya jama'arsa.

Uwar Zumunta: Kai da ka bar seminari, kai ne za ka karanta mana doka?

Tsohon Ɗan Seminari: Mama, wannan ya yi mini zafi. Ba ki san dalilin fitata ba.

Mai Ƙorafi: Don Allah, tambayata kan layin ce. Me ya sa cocin da ke tsallaken rafi ya zauna a tsohuwar, mu aka tura mu gaba?

Mai Kula da Zaure: Zan rufe nan. Abin da ya fito fili shi ne ba a yi ƙwace ba, kamar yadda Baba Katikis, wanda ya koya mini katikisim, ya nuna da hujja. Sauran duk ɓacin rai ne. Baƙo, ka nemi gafara.

Uwar Zumunta: Baƙon ne kaɗai zai nemi gafara? Ni dai har gobe ƙwace zan ce.