Wa ya karanta Fantastic Four na farko, mai dodo a bango?

Ɗan Aboabo: Salam jama'a. Jiya ina gyara akwatin ƙarfen kawuna sai na ci karo da wani tsohon komik, Fantastic Four lamba 1, wanda ƙaton koren dodo ya fasa kwalta ya fito baki wangale. Kafin trotro ya kai ni Kejetia na cinye shi. Abin da ya ɗaure min kai, faɗan da ke bangon nan babu shi a ciki sam! Sai an yi nisa dodon ya ɓullo a Afirka, ya watsa sojan Faransa da tankarsu, ya koma rami. An cuce ni ne ko ni ne ban gane ba? Kuma zai yi kuɗi?

Baba Alabar: Wa alaikas salam ɗana. Ba a cuce ka ba, talla ce. Littafin nan na Nuwamba 1961 ne, Stan Lee da Jack Kirby suka yi shi, kuma a lokacin dodanni ne abincin kamfanin Marvel da ya buga shi, Groot ma da yaranku ke so yanzu a 1960 ya fara fitowa a matsayin mugun dodon itace, sannan ga Fin Fang Foom, to sai suka sa dodo a gaba don masu saye su ga abin da suka saba. Duba da kyau, su huɗun ko kayan jarumai ba su saka ba, sai a lamba 3 aka ɗinka musu.

Hajara Asawase: Baba ya gama magana amma ni dodon bai dame ni ba, Mole Man, mugun labarin, ne ya ban tausayi wallahi. Mutum an yi ta masa dariya don muni, mata sun ƙi shi, aiki an hana shi, ya gudu ya faɗa ƙarƙashin ƙasa idonsa ya lalace, shi ne ya dawo yana haɗiye tashoshin nukiliya da dodanninsa. Dodon ɗan aike ne kawai. Ƙarshen ne ya ban haushi, an yi sauri kamar mai koko za ta tashi, Johnny, mai ci da wuta cikin su huɗun, ya toshe rami da wuta, tsibiri ya fashe, shi ke nan.

Sule Tela: Cale maganar kuɗi kwantar da hankalinka 😂 an sha sake buga shi, leƙa ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin farko ka ga shekara. In dodo kake so nemi lamba 4 na 1962, Namor, yariman ƙarƙashin teku, ya taso da wani mai kama da kifin wale, Ben Grimm, mai jikin dutse cikin su huɗun, ya goya bam ya shige masa ciki.

Ɗan Aboabo: Na leƙa Yaya Sule, ba 1961 ba ne 😭 Baba, ko kana da lamba 4 ɗin? In zo bayan la'asar.