Ya canza lambar dayis don ya ceci jarumina, ni kuwa ha'inci na kira shi

Mai Takobi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun daren Asabar. Wata takwas ke nan muna buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari, bugu na biyar, mu huɗu da mai jan wasanmu, wato mai ba da labarin da yanke hukunci. A zaman da ya wuce jarumina ya faɗi a gaban wani ƙaton dodo, makin ransa ya ƙare ƙaf. Kun san dokar: kana jefa dayis mai fuska 20, in ka samu 10 zuwa sama ka ci, in ƙasa da haka an rubuta maka faɗuwa, faɗuwa uku kuwa mutuwa ce. Ina da biyu a kaina. Dodon ya ɗaga gatari, mai jan wasa ya jefa dayis a bayan allon da ke kare dayis ɗinsa daga idonmu, ya ɗan yi jim, sai ya ce saran ya kuskure. Muka kaure da ihu, hannuna har rawa yake don murna. Bayan an tashi, wanda ke zaune kusa da shi ya ja ni gefe ya ce 19 ya gani da idonsa, wato saran ya samu jarumina, da ya mutu. Tun lokacin ko takardar jarumin ba na son kallo. Abin da nake cewa shi ne, wasannin yanzu an gina su ne don kada kowa ya mutu, kuma inda babu mutuwa babu jarumta. Tsarin ne yake tura masu jan wasa yin wannan ha'incin. Shin in koma tsohon bugu ne, ko akwai gyara?

Uwar Dodanni: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji zafinka, amma ka janye kalmar ha'inci. Mai ha'inci riba yake nema. Me bawan Allah nan ya ci? Shekara shida ina jan wasa, na san wannan shirun da ya yi. Yana kallon wata takwas na labarin da kuka gina tare, yana kallon fuskarka. Littafin masu jan wasa na 2014 ma ya ambaci cewa jefa dayis a bayan allo yana ba ka damar sauya sakamako in ka so. Abin da doka ta buɗe wa ƙofa ba ya zama ha'inci.

Tsohon Hannu: Hajiya, ha'inci ne, kada a yi masa kwalliya. Dayis ya ce 19, baki ya ce ya kuskure. Wane suna za a ba wannan? Mu da muka taso da bugun 1981, dayis uku masu fuska shida kake jefawa a jere, abin da ya fito shi ne rabonka. Matsafi a matakin farko da dayis mai fuska huɗu ake fitar da makin ransa, tsafi ɗaya tak yake da shi a rana, makinsa ya kai sifili ya mutu, babu jefa komai. Kuma kowane tsabar zinare ɗaya da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne na gogewa, wanda da shi jarumi ke hawa mataki, saboda haka mai wayo ba ya neman faɗa. Lallaɓawa yake, ya bubbuga ƙasa da sanda mai ƙafa goma yana neman tarko, ya yi ciniki da dodanni, ya kwashi dukiya ya gudu. In ka kai mataki na uku ka san da guminka ka kai.

Uwar Dodanni: To Malam, tunda tarihi kake so. Gary Gygax ɗin da kuke ji da shi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, a littafinsa na masu jan wasa na 1979, ya yarda cewa in ɗan wasa ya yi komai daidai sai rashin sa'a ta kashe shi, mai jan wasa yana da ikon yanke cewa suma ya yi, ko ya rasa ido ko hannu, maimakon mutuwa. Shi ma ha'inci ya koyar?

Tsohon Hannu: Wannan hukunci ne a fili, Hajiya. Ka ce wa mutum saran ya same ka, amma na sassauta, ka tashi da hannu ɗaya. Kowa a tebur ya ji, kowa ya yarda. Ya bambanta da ka rufe lamba da tafin hannu ka faɗi wata. Na farko alƙalanci ne, na biyu ƙarya ce.

Baban Biyu: Yanzu kuma daga ha'inci an koma ƙarya? Ku ji tsoron Allah. Na san mai jan wasan nan, mutumin kirki ne, dare yake rabawa yana zana taswira ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Ni wanda nake ganin laifinsa shi ne mai leƙen bayan allo. Wa ya aike shi? Ya gani ya kasa yin shiru, ya je ya ɓata wa yaro murnarsa. Wannan gulma ce.

Kusa Da Allo: Yaya, ni ne na gani, kuma ba leƙe na yi ba. Dayis ɗin ne ya gangaro har gefen allon. Da na yi shiru da ni ma na shiga cikin abin. Kuma ba shi ne na farko ba, a watan jiya ma na lura dodanni sun daina samun mu da zarar mun jigata.

Baban Biyu: Ka lura ko ka ƙirga? Kawo lambobin.

Kusa Da Allo: Ban rubuta ba, amma na san abin da na gani.

Ɗan Auta: Yayyena, ku bar ni in koma kan tambayar Mai Takobi, don tsari ya tambaya. Matsalar ita ce wasan ya yi alkawarin abu biyu da ba sa zama a tukunya ɗaya: dogon labarin jarumi da ake sa ran zai kai ƙarshe, da kuma dayis da ba ruwansa da labarin kowa. Akwai wasannin da suka warware wannan tun daga tushe. A Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, mai jan wasa ba ya jefa dayis kwata-kwata. Ɗan wasa ne ke jefa biyu masu fuska shida: 10 zuwa sama ka samu, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa abu ya ɓaci. Dungeon World na 2012 ya ɗauki wannan tsarin, har in jarumi ya zo gaɓar mutuwa ya jefa 7 zuwa 9, Mutuwa ce da kanta take yi masa tayin ciniki, ya karɓa ya rayu ko ya ƙi ya tafi. Babu abin ɓoyewa, don babu allon da za a ɓoye a bayansa.

Tsohon Hannu: Ɗana, wannan ai tatsuniya ce da dayis a gefe, ba wasa ba.

Ɗan Auta: Baba, ka taɓa bugawa?

Tsohon Hannu: Na karanta, ya ishe ni.

Uwar Dodanni: Ga shi nan. Duk abin da ba Gygax ya rubuta ba tatsuniya ne a wurinsu. Alhali mutum ɗaya ya riƙe jarumi ɗaya yana girma daga zama zuwa zama, a teburin Dave Arneson aka fara shi, a wasansa na Blackmoor, kafin littafin farko na Dungeons & Dragons ya fito a 1974 da sunayensu su biyu. Kullum sai ku manta da shi.

Tsohon Hannu: Ba wanda ya manta da shi. Amma ba don Chainmail, wasan yaƙi na Gygax da Jeff Perren na 1971 ba, da me Arneson zai fara? Kuma wa ya zauna ya mayar da tarkacen takardu littafi?

Uwar Dodanni: Shi ya sa sai da Arneson ya kai TSR, kamfanin da ke wallafa wasan a lokacin, kotu a 1979 kan haƙƙinsa, aka sasanta a 1981. Wanda ba shi da hannu a abu ba ya zuwa kotu.

Baban Biyu: Ni dai ba zan bar maganar gulma ba. Kuma kowa ya sani yawancin masu jan wasa suna gyara lamba, har waɗanda ake kallo a bidiyo.

Kusa Da Allo: Yaya, ɗazu ni ka ce in kawo lambobi. Naka fa?

Mai Takobi: Don Allah ni ba sunan abin ne ya dame ni ba. Ku kira shi rahama in kuna so. Abin da ke ci na shi ne, yanzu duk nasarar da muka yi a wata takwas ɗin nan ban san wacce ce tamu ba.

Uwar Dodanni: To ka janye kalmar tukuna, ƙanena, sai mu yi magana.

Mai Zaure: Jama'a, maganar ta yi tsawo, bari in tattara. Abin da ya fito fili shi ne kalmar ha'inci ta yi nauyi, kuma Hajiya ta kawo hujja daga littattafai biyu, na 1979 da na 2014, cewa mai jan wasa yana da ikon sassautawa. Ni ma shekara tara ina jan wasa, na san nauyin da ke kan mai zama a bayan allo, kuma wanda bai taɓa zama a wurin ba ba zai gane ba. Malam Tsohon Hannu ya tuna mana da yadda ake yi a da, mun gode, amma zamani ya wuce wurin. Shawarar Ɗan Auta ta wasu wasanni ce daban, a buɗe mata nata zaren. Darasin da ya kamata 'yan wasa su ɗauka shi ne a daina kallon bayan allo. Mai Takobi ya nemi afuwar mai jan wasansa.

Tsohon Hannu: Ranka ya daɗe, ka tsallake bambancin da na kawo tsakanin hukunci a fili da sauya lamba a ɓoye. Ba wanda ya amsa shi.

Mai Takobi: Ba zan nemi afuwa kan abin da ban yi ba. Ranar Asabar kafin mu fara zan roƙe shi a gaban kowa ya riƙa jefa dayis ɗin faɗa a tsakiyar tebur. In ya yarda, zan ce a mayar da saran nan yadda ya faɗo, 19, in ɗauko sabuwar takarda. Ɗan Auta, turo min yadda cinikin Mutuwar nan yake a Dungeon World, ina so in nuna masa.